Bargon da Na Shimfiɗa wa Jarkokin Mai

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Ni mace ce 'yar Gwandu, kuma lokacin da wannan abu ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini gonar shinkafa ta noman rani a fadama wajen Diggi, da wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ita kaɗai ke iya ratsa yashi da kwazazzaban hanyar gonar. Tun ina yarinya an san ni da shegen tambaya. Inna, mahaifiyarmu, takan ce ko tukunya ce ta tafasa sai na tambayi dalili. Sai ga shi a ranar da ya fi kamata in yi tambaya, bakina ya riga hankalina.

Yayana ne ke ja mini motar. Mutum ne mai sanyin hali, sai dai ya daɗe yana shan taba, har tari ya kama shi ya rame. Wata rana Inna ta zaunar da shi ta yi ta kuka, shi kuma ya yi mata alkawari a gabanmu cewa shi da taba har abada. Wallahi ya riƙe, shekara da shekaru. Ya koma cin goro da tauna asuwaki, tarin ya tafi, ya yi kumatu. Duk baƙuwar da ta shigo gida sai Inna ta ba ta labarin ɗanta da ya bar taba saboda ita. Ba ta da abin alfahari kamar wannan, shi ma ba shi da abin da ya fi so kamar ya ji tana faɗa.

A wajen gonar babu gidan mai, ga injin ban ruwa na shan fetur, ga motar ita ma. Don haka a Kalgo muke cika jarkoki, irin rawayen nan na roba da ake zubo man girki a ciki, mu jera a bayan mota. Wata rana ɗaya daga cikin jarkokin ta yi ta gogar ƙarfen motar saboda gargada har ta tsage, mai ya tsiyaye. Abin ya dame ni, sai na yi dabara irin tamu ta mata. Na yanko tsohuwar ledar tsakar ɗaki na shimfiɗa a bayan motar, na ɗora wani bargo mai laushi, irin mai santsin nan da ba auduga ba, na cusa gefensa tsakanin jarkokin. Na kuma ce wa Yaya tunda yana fama da ciwon baya, ya daina sauke su, a riƙa cika su a inda suke. Har ya yaba mini, ni kuwa ina ta jin daɗi na yi abin kai.

Ranar da abin ya faru tsakiyar rani ce, iska ta bushe ƙarau, leɓe na tsagewa. Muka tsaya a wani gidan mai a Kalgo. Yaya ya kashe mota ya hau baya, mai zuba man ya miƙa masa kan famfon ya juya wajen wani mai babur, ni kuma na tsallaka sayen burodi. Ban kai ga karɓa ba na ji ihu. Ina juyowa na ga wuta a bakin jarka, Yaya na ƙoƙarin danne ta da hannu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Allah ya taimaka ma'aikatan wurin suka yi maza da tukunyar kashe gobara da yashi, aka janyo shi ƙasa. Hannayensa biyu sun ƙone, gemunsa ya babbake. Da ake cire masa riga, sai kwalin ashana ya faɗo daga aljihu. Wani a cikin taron ya ce to ga dalili nan, ai taba ya kunna. Nan take kowa ya ɗauka, har da ni.

Ni ce na kai wa Inna labari, kuma ban tsaya a kan gobarar ba, sai da na ambaci ashanar. Da aka sallamo Yaya daga asibiti ya yi rantsuwa cewa bai taɓa taba ba, ashanar ta hura wutar shayi ce a gona. Na san da shayin nan, ni ma ina sha, amma fushin motata ya rufe mini ido. Inna ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi sauƙi. Cewa ta yi ƙunar ba ta dame ta kamar ƙaryar ba. Daga ranar, in ya durƙusa gaishe ta da hannuwansa a naɗe, sai ta kau da kai ta ci gaba da jan carbi. Ya yi ta zuwa, ya yi ta zuwa, har ya rage zuwa. Ya bar ja mini mota, ya koma zama a garejin wani abokinsa.

Da fushi ya huce, sai halina na tambaya ya dawo. Wane mai hankali ne zai kunna taba da kan famfon fetur a hannu? Kuma ina guntun tabar, tunda ba wanda ya ce ya gani? Na tambayi makanike ko wayar batir ce, ya ce mota a kashe take kuma babu wayar da ta ƙone. Wayar Yaya ta hannu tana gaban mota. Wata ƙawata ta ce sammu ne na masu ƙyashin gonar, wata ta ce iskokin fadama ne suka biyo mu. Ban gamsu ba. Tambaya ɗaya ta zauna mini a rai ko ina cikin salla: in ba ashana ba ce, me ya kunna wutar nan?

Sai da wani ranin ya zagayo. Na shiga ɗakin ajiya da rana, ɗaki ne marar taga, na fizgo ɗan'uwan wancan bargon daga kan wata katifa mai rigar leda. Sai na ji ƙas-ƙas, na ga 'yan tartsatsi shuɗaye suna wasa a jikinsa. Kowa ya san wannan, tun muna yara muke dariyarsa. Amma ranar sai na tsaya cak. Na mayar na sake fizgowa, suka sake fitowa. Washegari na ɗauki bargon na tafi Kalgo wurin wata malama da ke koyar da kimiyya a jami'a, wadda ke sayen shinkafa a hannuna. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce in roba na gogar roba a lokacin da iska ta bushe, wata 'yar wutar lantarki na taruwa a jiki, shi kansa fetur in yana kwarara cikin jarka yana tara ta. In jarkar na ƙasa, sai wutar ta bi ƙasa ta tafi. In kuwa tana kan leda da bargo a bayan mota, ba ta da hanyar fita, sai ta yi tsalle zuwa ƙarfen famfo, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna tururin fetur. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta wurin, amma duk abin da na lissafa mata ya yi daidai da haka.

Ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin Inna. Na rufe ƙofa da taga, na ce ta kalli hannuna, na goga bargon a kan ledar ɗakinta na fizge. Ta ga tartsatsin da idonta. Na gaya mata duk abin da malamar ta ce, na kuma gaya mata ni na shimfiɗa shi. Sai ta ce in je in kira mata ɗanta yanzun nan. Na tafi garejin da sauri, ina ta murna zan kai masa albishir. Aka nuna mini bayan rumfa. A can na same shi zaune a kan tsohuwar taya, da karan taba tsakanin yatsun nan nasa masu tabo. Bai ɓoye ba. Ya ce ya yi watanni yana haƙuri, da ya ga an riga an yanke masa hukunci kuma Inna ba ta ko kallonsa, sai ya ga babu wanda yake riƙe wa alkawarin. Na ba shi labarin bargon ina kuka. Ya ce shi da ma ya san bai kunna komai ba, abin da ya ci masa rai shi ne ni da ke tambayar kowa komai, shi kaɗai ne ban tambaya ba.

Inna ta nemi gafararsa, uwa guda, da hawayenta, shi ma ya yafe mana. Yanzu yana ƙoƙarin sake bari, wata rana ya iya, wata rana ya kasa. Don haka ina roƙon duk mai ɗaukar mai zuwa gona ko daji: ku sauke jarka ƙasa kafin a zuba, bakin famfo ya taɓa bakinta, kada a cika ta fal, a ɗaure ta a tsaye a waje, ba inda mutane ke zaune ba, in da hali ma a nemi ta ƙarfe. In kuma wani abu ya faru, ku tambayi mutum kafin ku kai labarinsa gida. Mota an gyara ta, tana nan tana zuwa Diggi. Amma duk safiya in Yaya ya shigo gaida Inna, tun daga zaure muke jin tarinsa, ni da ita sai mu kasa haɗa ido.