Gorar Yaya Dije

Bana shekara bakwai ke nan da muka binne yayata Dije, amma har yau idan na bi ta bakin kogi sai na kau da kai.

Ita ta riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba. Rumfar albasa a kasuwar Malanville, rigimar dangi, jandarman hanyar Gaya, duk a kanta suke ƙarewa. Sai ciwo ya kama ta daga wuya zuwa ƙugu, ya samu wurin zama. Aka yi hoto a asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Mu kuma muka yanke cewa raki ne.

Da kanta ta samo abin da yake yi mata sauƙi. Bayan la'asar takan sauka inda ruwa ya kwanta, ta rungume babbar gora irin ta masunta, ta saki jiki ruwan yana lilo da ita. In ta dawo, har waiwaye take iya yi.

"Mamman, can ɗai nika jin an sauke mani kaya," in ji ta. "Ruwa ba ya tambayata komi."

Ba a jima ba gari ya ɗauka wai mutanen ruwa sun kama ta. Kunya ta ishe ni a majalisa. Ni da nake taƙama da sani, na ɗauki taɓarya na fasa gorar a gabanta. Tsintsiya ta ɗauko ta share. Muka bi ta da hayaƙi da ƙwayoyi shekara biyu, har hawan jini ya tafi da ita.

Makon jiya ɗiyarta Safiya, mai aikin jinya a Kwatano, ta nuna mini a waya wani baho na ruwan gishiri mai ɗumi. Manyan mutane suna kama layi su kwanta a ciki, ruwa ya ɗaga su, don ciwon da damuwa ke kawowa. Har suna gare shi da Faransanci. Da labarin ya kai majalisa, waɗanda suka yi da Yaya sai jinjina kai suke, wai ilimi ya ci gaba. Da tana nan, na san dariya za ta yi, ta tambaya gishirin na mene ne.

Ban ce gora za ta hana ta mutuwa ba. Amma sa'a guda ce tata a yini, ni na ƙwace. Rumfar tana hannun wani, masu gulmar sun manta. Abin da ya rage shi ne ta san jikinta, mu kuma ba mu yarda ba.

Safiya ta ce, "Kawu, ina gorar Inna ta tahi?"

Na ce mata fashewa ta yi. Ban iya faɗin wanda ya fasa ba. Ga shi yau na rubuta, ta karanta.