Buhunan Wake a Bayan Ɗakin Jego

Ƙosai nake soyawa a bakin tashar mota a Laranto, cikin Jos. Tun ina yarinya hannuna yana cikin wake, don haka na san ƙwaronsa, na kuma san abubuwan da ake kashe shi da su.

Kakata toka take sawa. Ta cakuɗa waken da toka da busasshen barkono, ta zuba a randa, ta liƙe bakin da laka. In an buɗe mu yi ta atishawa, iyakar abin da yake mana ke nan. Daga baya farar hoda ta shigo barikin 'yan kuza inda aka haife ni. A barbaɗa ta a gado saboda kuɗin cizo, a shafa mana a kai saboda kwarkwata. Sai gamale, maganin ƙwarin gona. Maza su tsiyaya shi a kududdufin da aka haƙi kuza, kifi ya taso ciki sama, a kwashe da kwando. Wata rana mun ci irin wannan kifin. Duk gidan muka kwanta muna amai, aka bi mu ana ɗura mana manja. Ni na tashi. Ƙanena bai tashi ba.

Mijina feshin tumatir yake yi a lambu. In bakin famfon ya toshe sai ya sa baki ya hura. In ya dawo ya sha madarar gwangwani, wai tana wanke ciki. Kafin ya rasu hannunsa ba ya iya riƙe kofin shayi. Bayansa aka shiga yayin fiya-fiya, maganin sauro, ana yawo da ita a kwalba ana yayyafawa ƙarƙashin gado.

Na ƙarshen da na sani shi ne wanda 'yan hatsi ke kira bom. Ƙwaya ce mai launin toka. A ƙulle ta a tsumma, a cusa tsakanin buhuna, a rufe sito. Ba ta fashewa, ba ta ƙara. Iska take saki, iskar ba a ganinta, duk abin da ke numfashi a wurin sai ya mutu. Warinta kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Nakan ji shi a jikin buhu in na je sari, sai in shanya waken a rana kafin in jiƙa.

Gidan da nake haya tsohon gini ne na zamanin kuza. Dogon ɗaki ne aka yayyanka da bango, bangon bai kai kwanon rufi ba. An taɓa yin silin na kwali, ruwa ya cinye shi. Ɗakin da ke manne da nawa wani ɗan kasuwa ne ya kama. Ba ya kwana ciki. Wake yake saya da kaka ya jibge, ya jira ya yi tsada. Mutum ne mai gaisuwa, ba mu taɓa faɗa ba.

A tsakiyar damina 'yata ta zo wankan gida, ta haifi namiji. 'Yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rawar jiki a kansa a gaban mutane. Haka na tashi na gani, haka na yi. Tun tana goye "ke" nake ce mata. Saboda haka gwaggonta, yayar mijina da nake kira Yaya, ita ta zo ta karɓi jegon. Na bar musu ɗakina, na koma kwana a ɗan ɗakin da nake ajiye kayan suya, can ƙarshen tsakar gida.

Wanda ya san Jos a wannan watan ya san sanyinta. Ruwa ya wuni yana zuba sirara, bango ya jiƙe, ashana ta ƙi kamawa. Ba abin da tsofaffinmu ke tsoro ga mai jego kamar sanyi. In ya shige ta, sun ce, har ta tsufa yana jikinta. In ya shigi jariri kuwa, ba a cika maganar ba.

Ba a kai ga suna ba abin ya faru. Da safe zan fita da ƙulluna, na ga Yaya tana sharo kyankyasai daga ɗakin. Sun cika abin kwasar shara, duk a kife.

"Kin ga albarkar angona?" ta ce. Jaririn take nufi. "Tun bai buɗe ido ba ya share miki ƙazantar ɗaki."

Na tsaya daga waje na ce, "Ke, ya jikin?"

"Da sauƙi, Iya. Kaina ne kawai."

"Dube ta," in ji Yaya, "ta tsaya a ƙofa kamar baƙuwa mai tambayar hanya. Tafi suyarki, ba a nan ake sayen ƙosai ba."

Na tafi. Kyankyasan sun tsaya mini a rai, amma na tafi.

Kafin azahar na dawo. Yaya na bakin murhu ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta ce hayaƙin itace ya sa mata ciwon kai. Ta ce yarinyar ta amar da kunun kanwa, jaririn kuma ya ƙi kama nono. Ta ce sanyi ne, amma ta yi maganinsa. Na duba. Ta cusa tsumma a duk ramin taga. Ta rataya bargo a ƙofa kan labule.

Kwanon da aka yi aman yana ajiye a bakin ƙofar, ba a zubar ba. Na tsaya ina kallonsa, ban san me nake kallo ba. Can na gane. Ba ƙuda ko ɗaya a kansa. Damina ce. Kwandon shara da ke tsallaken tsakar gida baƙi ƙirin yake da ƙudaje. A nan kuwa sai matattu, a jere a gindin bargon.

Na ɗaga bargon na shiga.

Ɗakin duhu da ɗumi, ga warin turaren wuta da man zafi. Yarinyar tana jingine da bango, bakinta a buɗe, tana jan numfashi kamar wadda ta hau dutse. Jaririn na kan cinyarta, ba ya kuka. Na taka wani abu mai laushi. Tsaka ce, ta faɗo daga bango ta mutu. Na ja iska da hanci a hankali. Ƙarƙashin turaren akwai wani warin.

Na fita na jawo turmi, na kife shi, na hau. Na leƙa ta saman bangon. Buhuna ne har kusa da kwano, an lulluɓe su da leda, ledar ta zame ta gefenmu. Warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Na duro daga kan turmin.

"Yaya! Bom ne! A fitar da su!"

Ta shigo ta tare ƙofa. "A fitar da wa? Ina?"

"Asibiti."

"Kin haukace? Ɗanyen jego, jaririn da ko suna ba shi da shi, ki fitar cikin wannan ruwan? Me zan ce wa dangin ubansa?"

"An sa wa waken can magani. Shi suke shaƙa."

"Waken da ke kulle a ɗakin wani? Da kwaɗo a ƙofa? Ke dai kin ga kyankyaso ya mutu. Ni na yi jegon da ya fi yatsunki yawa. In sanyi ya kama ƙirjin yaron nan a hanya, ke kika kashe shi. Ki ji da kyau."

Na ji da kyau. Ban san tabbas ba, gaskiyar ke nan. Na taɓa ganin jaririn da sanyi ya kashe. Na tsaya tsakanin bangon da ƙofar. A lokacin jaririn ya yi wani ɗan sauti kamar shaƙuwa, farin ruwa ya gangaro ta gefen bakinsa. Haka ƙanena ya yi.

Na sunkuce shi. Na kwance zanena na sama, na manna shi a ƙirjina fata da fata, na ɗaure. Na ce wa uwar, "Ke, tashi." Ba ta motsa ba. Idonta na lumshewa. Na sake cewa, "Ke!" Shiru.

Sai na kira sunanta. Da ƙarfi, a gaban Yaya, har matan tsakar gida suka ji. Ta buɗe ido a firgice, don ba ta taɓa jinsa a bakina ba. Ta miƙo hannu. Na kama kafaɗarta ɗaya. Yaya ta kama ɗayar, muka fito da ita.

Wata maƙwabciya ta tare mana keke mai ƙafa uku. Ruwa na shigowa ta gefe, mai keken ya saki labulen leda, na ce ya ɗage.

"Mama, sanyi fa," ya ce.

"Ɗage."

Hanyar ba ta da nisa. Ni dai ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Ba na ganin fuskarsa a cikin zanen. Sai in zura yatsa in sa a ƙarƙashin hancinsa. Keken na tsalle a ramuka, ba na iya bambanta numfashinsa da girgizar hanya. Na ce wa Allah abin da na ce. Yaya na gefe tana salati, can ita ma ta leƙa waje ta yi amai.

Wata nas ta karɓe shi a guje. "Mama, mene ya sha?"

"Bai sha ba. Shaƙa ya yi. Bom na wake."

Ta kalli 'yar'uwar aikinta, ba ta sake tambaya ba. Suka sa masa siririyar roba a hanci, suka sa wa uwar, suka kwantar da Yaya a benci. Likita ya ce mini abin ba shi da makari. Iska za su ba su, su taimaki zuciya, sauran jira ne. Ya ce ƙananan yara su ne abin tsoro.

Na zauna a ƙasa kusa da gadon. Ƙirjinsa bai fi tafin hannuna ba. Ya ɗaga, in jira. Ya sauka, in jira. Aka ce in je in ci abinci, na ƙi. Gani nake in na ɗauke ido zai tsaya. Uwar ta farfaɗo washegari, ta tambaye shi. Na ce yana nan.

Muna asibitin ranar suna ta zo. Maza suka raɗa a masallaci, aka aiko mana da sunan da ɗan nama a leda. A ranar da yamma ya yi kuka. Siririn kuka, kamar na ɗan kyanwa. Aka miƙa wa uwar, ya lalubi nono ya kama. Na fita baranda na zauna.

Da muka koma gida, maza sun riga sun fasa kwaɗon sun buɗe ɗakin ya sha iska. Mai waken ya zo daga tafiya, ransa a ɓace.

"Hajiya, ai ɗakina ne. Na liƙe taga, na kulle ƙofa. Ƙwaro ne ya taso mini, na ƙara masa ƙwaya kafin in tafi."

Na kama hannun rigarsa na shigar da shi ɗakina, na nuna masa saman bangon. Ya daɗe yana kallo. Ya kalli gadon da ke ƙarƙashi. Sai ya zauna a ƙasa ya cire hula. Kafin magariba ya kwashe buhunansa. Shi ya kawo magini aka kai bangon har kwano.

A ɗan ɗakin kayan suya aka ƙarasa wankan, taga a buɗe. Yaya ta yi ta mita, kullum sai ta ƙara wa angonta hula a kan hula, amma ba ta sake taɓa tagar ba.

Yaron yana nan, ya shiga makaranta. In damina ta yi yakan yi tari. Yaya ta ce ruwan ranar ne, ni na ce waken ne, ba wadda ta ci wata. Uwarsa kuwa na koma ce mata "ke".

Har yau in na shiga ɗaki, nawa ko na wani, sama nake fara kallo in ga inda bango ya tsaya. Sannan in nemi ƙuda. In na ga yana tashi, sai in zauna.