Abin da Cokali Ya Ɗora a Saman Jaka

Cokali muke kiransa, saboda cokalin gininsa ba ya barin aljihunsa na baya. Birkila ne, ni nake kwaɓa masa siminti. Ɗaki ɗaya muke kwana da sauran ma'aikata a bayan benen da muke ginawa, katifarsa kusa da tawa. Iyalanmu duk suna can gida, nesa.

Ma'aikatan lafiya sukan zo su raba mana kwaroron roba, kowa ya karɓa yana dariya. Amma duk ranar da mutum zai je ganin gida, sai ya zazzage jakarsa a kan katifa, ya tsince su kaf, ya zuba a tsohon gwangwanin fenti, kada matarsa ta gani ya shiga uku.

A wani zuwan ma'aikatan lafiyar, Cokali ya yarda aka gwada jininsa. Ya dawo ya ci gaba da yaɓe. Sai da muka tashi aiki ya ce mini, "An samu ƙwayar ƙanjamau a jinina. Sun ce in na riƙe magani zan rayu. Uwar yarana nake tunani."

Ranar tafiya kowa yana zubarwa, shi kuma ya je gwangwanin ya ɗebo hannu guda, ya ɗora a kan zanin da ya saya mata, can saman jaka.

Wani mai walda da muke aiki tare ya ce, "Kai Cokali, auren ne ya ishe ka? Ko so kake ka dawo mana da kai a kumbure?"

Ya ce, "In kumburin kai ne kawai, ai da sauƙi."

Na raka shi tasha ina ce masa ya tura su ƙasan kaya, ya lallaɓa ta tukuna. Ya girgiza kai. "Na san kaina. In na ɓoye, bakina ba zai buɗe ba. Gara ta gani ta tambaye ni."

Ta gani, ta tambaya, ya faɗa mata komai. Ta kwashi yara ta tafi gidan yayanta. Ya dawo aiki a rame, ko shayi ba ya iya shanyewa. Rannan muna ɗora bulo wayarsa ta yi ƙara, na ji muryarta: "Ka sha maganin, ko sai na zo da kaina?" Daga nan duk ranar da zai je gida, sai ya leƙa gwangwanin.

Ba cutar ce ta ɗauke shi ba. Bara katakon da yake tsaye a kai ya karye, ya faɗo daga saman benen.

Ni na kai jakarsa gida. Matar ta ciro cokalin, ta daɗe tana kankare busasshen simintin jikinsa da farce. Ta ce, "An sake gwada ni, ba ni da komai. Ka gaya wa abokansa."

Na gaya musu. Mai walda ya fita waje, bai dawo da wuri ba.

Allah ya jiƙanka, abokina. Har yau ban bari kowa ya matsar da katifarka ba.