Jar Sandar Alcide

Duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da Alcide Guidry a garin Baton Rouge na Amurka ya sha labarin har ya ƙoshi: sunan garin da Faransanci yana nufin jar sanda, don Faransawan farko sun tarar da wata sanda ja a bakin kogi, iyakar farautar ƙabilu biyu. "Kakannina ne suka gan ta," zai ce yana buga ƙirji, alhali Faransancin nasa bai wuce sunan garin da zagi biyu ba.

Filin bayan gidansa haɗe yake da na Odell, yayan matarsa Eulalie, kuma babban amininsa. Duk Asabar a lokacin jatan lande, a ɓangaren Odell ake ɗora babbar tukunya, a juye a tebur da masara da dankali, kowa ya sa hannu. Ran nan Alcide ne ya dafa. Odell ya ɗanɗana ya ce, "Bafaranshe, barkonon naka ya tafi hutu ne?" Aka bushe da dariya.

Washegari Alcide ya shafe sanda da jan fenti, ya kafa ta a tsakiyar fili. "Kowa ya tsaya yankinsa, kamar yadda aka yi tun asali."

"Tsoho, su namun daji suka raba," in ji Eulalie. "Kai me ka raba? Tukunyar ma tana can."

Haka ya yi shekaru yana cin burodi a kujerarsa, ƙamshi na dukan hancinsa, matarsa da jikokinsa na wucewa abinsu. Odell kan ɗago masa jatan lande: "Zo mana, ba a tambayar fasfo!" Kewar amininsa na cin ransa, amma ya riga ya cika unguwa da tarihi.

Da ciwo ya kwantar da Odell, ya aiko yana son ganinsa. Alcide ya ce sai ya fara tumɓuke sandar, kada a ce ya karya dokar kansa. Ashe da siminti ya kafa ta. Ya girgiza ta, ta ƙi motsi, ya tafi aron diga, ya dawo yana ta haƙa, gumi sharkaf.

Eulalie ta fito daga gidan yayanta, idanu jawur, ta tsaya a kansa.

"Sanda ce fa, Alcide, ba katanga ba. Zagayawa kawai za ka yi."

Ya yar da digar, ya yunƙura.

"Ci gaba da haƙarka," ta ce. "Ya yi ta kallon ƙofa har ya cika."