Gangaren Yaya Ummaru

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Ummaru. Ranar wata Talata ce, bayan la'asar, a kan hanyar Furfuri zuwa Bungudu. Daga ni sai shi sai motarsa, da buhunan auduga a baya.

Lokacin ana cikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau. Yaya ya sayar da jakunansa ya sayi tsohuwar motar wani Baturen kanti da zai koma gida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, shi ma ya sani. Mai sai an kawo a gwangwani daga Zariya. Taya in ta fashe a cusa mata ciyawa. Kullum matarsa takan ɗebo ruwan mota kafin na tuwo.

Babbar wahalar ita ce tada ita. Akwai wani ƙarfe da ake sokawa a gabanta a murɗa. Wata rana ya dawo da ƙarfi ya karya masa hannun dama, ɗorin kuma bai kama daidai ba. Tun daga nan ba ya kashe ta sai a kan tudu, don ta gangara ta tashi da kanta. Daga Tsafe har Bungudu ya san kowane gangare, a nan yake salla.

Ran nan zazzaɓi na jikinsa, mun makara, filin kuwa shimfiɗe yake kamar tabarma. Ya dubi rana ya tsaya. Man da ya rage bai isa a bar ta tana aiki ba.

Na ce, "Yaya, nan babu gangare."

Ya ce, "Na gani, Mamman. Miƙo buta."

Muka yi salla. Na murɗa ƙarfen har tafina ya sale, ko tari ba ta yi ba. Ya sa kafaɗa muka tura. Can ya zauna a gindin taya, ya ce bari ya huta. Wasu makiyaya ne suka taimake ni muka ɗora gawarsa a kan takarkari.

Yau nakan ga direba ya murɗa makulli mota ta tashi. Ban san me Yaya zai ce ba da ya ga haka. Ina jin zai tambayi inda direbobin yanzu suke tsayawa in lokacin salla ya yi. Mutane sukan ce mini ya yi kyakkyawan ƙarshe, ni ma haka nake fata. Amma in na tuna wurin ba na jin baƙin ciki, ba na jin komai, sai nauyin ƙarfen nan a hannuna.

Bai bar ɗa ba, bai bar gona ba. Motar ta yi damina ɗaya a inda ta tsaya, sannan maƙeran Bungudu suka sassare ta suka ƙera fartanyoyi.