Hannun Aro

A gidanmu na Roni ni ce auta, kuma ba na ɓoyewa, an sangarta ni. Har na yi aure na haihu, in na je gida a cinyar Inna nake ɗora kai. Addata kuwa, wadda ita ce 'yar fari, ban taɓa ganin ko gefen zanenta ya gogi na Inna ba. Inna Bafulatana ce ta gaske, kunyar 'yar fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunanta, ba ta kallon idonta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. Tun da aka yaye Adda kakarmu ta wajen uba ta ɗauke ta zuwa Kazaure, can ta girma, can ta yi makaranta.

In ta zo gida ta durƙusa a bakin ƙofa ta yi gaisuwa, bango Inna take amsa wa. In kuma akwai magana, to ni ce 'yar aike. "Ki ce wa waccan ta ci abinci." Adda ma ta juyo gare ni: "Ki ce wa Innarku na ƙoshi." Alhali suna jin numfashin juna! Ni kuma bakina ba ya shiru, sai in ce, "To ai kun ji juna, ni me na yi muku?" Sai harara ta zo min ta gaba da ta baya.

Adda aikin gashin ƙashi ta karanta. Su ne waɗanda in mutum ya karye an ɗaure, ko ɓarin jikinsa ya shanye, suke lallaɓa gaɓoɓin har su koma aiki. Baffanmu ya daɗe yana tsokanarta, wai in an gasa a ajiye masa nasa da yaji. A wani asibiti a Kazaure take aiki, kuma ita kaɗai ce mace a sashensu.

Shekarar da nake ba da labari, sai ta ƙudura komawa jami'a ta yi digirin dakta a wannan fanni. Sharuɗɗan shiga ba su tsorata ta ba. Digirin farko da sakamako mai kyau, tana da shi. Bautar ƙasa ta yi, lasisin aiki yana hannunta, malamanta sun ba da shaida. Guda ɗaya ne ya tsaya mata a wuya. Ana so mai nema ya zo ganawa da bayanin majiyyaci ɗaya wanda ya kama da hannunsa tun ranar farko har ya samu sauƙi, babba a wurin aiki yana kallo, majiyyacin kuma ya yarda da bakinsa.

Za ka ce ai wannan mai sauƙi ne ga wanda ke asibiti kullum. Ina! Damina ce. Mutum zai taso daga Gwiwa ko Yankwashi a kan babur, a matsa masa yau, a matsa masa wani mako, da ya ji ciwon ya lafa sai gona, ba ka ƙara ganin ƙeyarsa. Akwai wani dattijo daga Kanya Babba da suka yi nisa, har ya fara takawa da sanda, sai 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi Kano. Ganawa kuwa bayan kaka ce. In ba ta samu mutum ta fara da wuri ba, gurbin ya wuce ta.

A wannan damina ce kafaɗar Inna ta dama ta ƙage. Ɓoyewa ta yi, kamar yadda ta saba. Ɗankwali ne ya tona ta. Inna da ke ɗauri kamar za ta gidan biki ko da tsakar gida za ta share, sai na ga ɗaurin ya karkace. Ta daina burga nono da kanta. In ta tayar da kabbara, hannun dama iyakarsa ƙirji. Adda ta zo ranar Asabar, daga bakin ƙofa ta yi mata kallo ɗaya ta ce da ni, "Ki ce wa Innarku in ba a motsa kafaɗar nan ba, haka za ta zauna."

Nan take dabara ta faɗo min, har da tafa hannu. Ga majiyyaciyar da ba za ta gudu gona ba! Na shiga ɗaki ina rawar jiki na faɗa wa Inna. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke yaushe za ki yi hankali? Waccan ce za ta taɓa ni?"

"Haba Inna, ai magani ne."

"Gara hannun ya bushe."

Na yi magiya, na yi shagwaɓa, har kukan ƙarya na yi. Abin da na samu kawai shi ne ta yarda ni in yi mata, Adda kuma ta zauna a waje bayan labule tana faɗa min. Haka muka fara. Adda ce mai sani, ni ce hannun aro. Duk Asabar ta hau mota ta zo, ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna a ƙofar ɗaki. In jiƙa tawul a ruwan zafi in gasa kafaɗar, sai umarni ya fara shigowa ta labule.

"Riƙe gwiwar hannun. Ɗaga a hankali. Me kike ji?"

"Me zan ji? Hannu ne dai."

"Inda ya tsaya, da tauri ya tsaya ko da laushi?"

"Adda, ni fa malamar firamare ce, ki bi ni a sannu!"

Inna kan toshe baki da gefen mayafi, wai kada a ji dariyarta a waje. Na tabbata ana ji.

Wata Asabar ɗin garaje ya ɗebe ni na ɗaga hannun fiye da ƙima. Inna ta ƙwalla ƙara, "Wayyo Allah!" Kafin in ankara labule ya yaye, Adda ta jefo ƙafa ɗaya cikin ɗaki, hannuwanta a miƙe. Sai ta tsaya cak. Inna ta juya fuska ga bango, tana ta haki. Adda ta dubi hannuwan nata, ta janye ƙafarta, ta saki labulen.

Na same ta a bayan gida, wajen turken awaki. Ta ce in daina, kada in ji wa Inna ciwo. Ta ce aikin nan da baki ba ya yiwuwa, hannu ne ke jin inda zai tsaya, kuma ko da ya yi, ba shi ne abin da jami'a ke nema ba. Sauran abokan aikinta maza ne, ta san Inna ba za ta yarda da su ba. Karatu kuwa ta haƙura sai wata shekara.

"Ba gurbin ne ke cin raina ba," in ji ta. "Kullum ina gyara kafaɗun iyayen mutane. Ga tawa tana kuka ina ji, ban isa in miƙa hannu ba."

Tawa. Ban taɓa jin ta faɗi haka ba. Tausayinta ya kama ni, sai kuma zuciya ta taso min. Na faɗa ɗakin Inna ko sallama babu, na ce, "Inna, wallahi kunyar nan taki za ta ci hannunki, ta ci karatun Adda, sannan mu ga wanda zai yaba miki!" Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Fitar min daga ɗaki." Na fita ina buga ƙafa, na koma gidana, na rantse ba zan ƙara sa baki ba.

Ana nan sai ga wayar Inna ranar wata Litinin da sassafe, wai in zo. Na tarar ta sha wanka ta zura babban hijabinta na zuwa unguwa. Ta ce, "Raka ni Kazaure." Na buɗe baki zan yi tambaya, ta ce in na yi surutu ita kaɗai za ta tafi. Haka na haɗiye maganata tun daga tashar Roni har muka shiga tsakanin duwatsun Kazaure, kuma duk wanda ya san ni ya san na sha wuya.

Adaidaita ta sauke mu a ƙofar asibitin. Na ce bari in leƙa in faɗa wa Adda. Inna ta damƙe ni da hannun hagu. Sai da ta sa na yanki kati, muka zauna a benci cikin layi kamar kowa. Da aka zo kanmu muka shiga. Adda tana tsaye da farar riga, shugaban sashensu, wani dattijo mai furfura, yana zaune a gefe. Da ta ga wadda ta shigo, biron hannunta ya faɗi.

Inna ta zauna a bakin gado, idonta a ƙasa, ta ce, "Ina kwana, Likita."

Adda ta sunkuya ta ɗauki bironta. Sannan ta ce, "Lafiya lau, Hajiya. Me ke damun ki?"

"Kafaɗa ce."

Dattijon ya dube su, ya dube ni, na ga alamar ya gane. Ya ce, "Hajiya, kin yarda ita ce za ta riƙa duba ki har ki warke?"

"Ai wurin likita na zo," in ji Inna.

Ikon Allah! Sai a lokacin na fahimta. 'Yar fari ba ta isa ta taɓa Inna ba, amma likita ta isa. Adda ta murza tafukanta don su yi ɗumi, ta daɗe tana murzawa. Sannan ta ɗora su a kafaɗar. Inna ta lumshe ido. Ni da na yi rantsuwar ba ruwana, ni ce na fara jan hanci.

Daga ranar duk mako muna hanya. Adda ba ta taɓa samun majiyyaciya irin ta ba. An ce ta riƙa ɗaga muciya da hannu biyu, muciyar gidan ba ta ƙara hutawa ba. An ce ta riƙa hawa bango da yatsu, sai da ta yi wa farar ƙasar ɗakinta shatin maiƙo. A asibiti suna hira kamar ƙawaye, Likita ce, Hajiya ce, har labarin tsadar gero. A gida kuwa komai yana nan yadda yake, kuma na koyi yin shiru.

Bayan an yi girbi Adda ta tafi ganawa da bayanin kafaɗar wata Hajiya daga Roni. Ta samu gurbin. Baffa ya yanka ɗan akuya, ni na yi guɗa har muryata ta dushe.

Kafin ta tafi aka ba mu ranar duba ta ƙarshe. Adda ta sa Inna ta ɗaga hannu, ya miƙe sama ɗoɗar. Ta sa ta kai shi baya, ya kai. Ta ɗora tafinta a kan kafaɗar ta ce, "Alhamdulillahi, Hajiya, an sallame ki."

Inna tana kallon taga ta ce, "Likita, ina da 'ya kamar ki."

"Allah Ya raya, Hajiya."

"Tana jaririya ba ta son goyo. A nan take barci, daidai inda hannunki yake, in babu kowa a ɗaki. Ranar da aka zo tafiya da ita ban fito ba, kada a ce ba ni da kunya. Bayan ɗaki na zagaya, ina jin kukanta har suka sha kwana."

Adda ta sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai ke ɗiga a farar rigarta. Ta yi kamar za ta janye hannunta, sai Inna ta ɗora nata a kai ta danne.

"Kada ki cire tukuna, Likita. Wurin nan bai gama warkewa ba."

"To, Hajiya."

Dattijon ya miƙe ya ce yana da abin yi a waje. Na bi bayansa, na ja musu ƙofa.