Bakan yaƙin kakanmu

"Riƙe shi da hannu biyu, wannan ya sha jinin maza!" Haka yayana Sale ya daka min tsawa, lokacin da muka zaro wani tsohon baka daga rufin ɗakin marigayi kakanmu a Fagam.

Icen ya yi baƙi ya yi santsi, sai dai gajere ne. Sale ya ce ai jarumi ba ya harbi daga nesa. Nan da nan ya tura wa dangi hotonsa a waya, ya kira wani mai sayen kayan tarihi daga Birnin Kudu, har ya fara zancen sabon babur.

Da mutumin ya iso, yana cikin jujjuya bakan yana tambayar ina kibiyoyin, sai ga Gwaggo Yalwa, yayar babanmu, ta leƙo zaure.

"Kai, wa ya ɗauko bakan shiɓar Innarmu?"

Sale ya ce, "Gwaggo, na yaƙin Kaka ne fa."

"Wane yaƙi? Baban da ko kaza sai ya kai maƙwabta a yanka masa? Da wannan Inna take shiɓar auduga ta yi laushi, ta kaɗa zare ta sayar. Shekarar da gero ya ƙi, shi ya ciyar da gidan nan."

Mai saye ya ajiye bakan a hankali, ya nemi takalmansa. Gwaggo ta ɗauki bakan, ta share masa ƙura da bakin mayafinta, ta wuce da shi ɗaki.

Ashe dai an yi yaƙin, jarumar ce ba mu sani ba. Ku fa, me ke rataye a gidanku da ba ku taɓa tambayar tsofaffi labarinsa ba?